Ra'ayinmu: A san wanda ya haɗa taswirar da ke cikin na'urar safiyo

Duk wanda ya sayi fili a gefen Kano, Kaduna ko Zariya a 'yan shekarun nan ya ga yadda aikin safiyo ya sauya. A da tef ne da na'ura mai ƙafa uku, da yaro can nesa riƙe da sanda. Yanzu safiyo kan zo da sanda ɗaya mai karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam, da wata na'urar hannu mai allo. A kan allon ga hoton unguwar daga sama, rufin gidaje da hanyoyi da itatuwa, an shimfiɗa layukan fuloti a kai, ga kuma wani ɗigo da ke motsi duk inda safiyon ya taka. Mai fili ya leƙa, dillali ya leƙa, wakilin mai unguwa ya leƙa. Da zarar ɗigon ya hau kusurwar fuloti sai a ce gani ya kori ji, a haƙa rami a kafa turke.

Ba kasafai masu leƙen ke tambayar wanda ya ɗora hoton ba, balle inda ya samo shi ko abin da ya daidaita shi da ƙasa. Shi ɗigon ba ya ƙarya. Na'urorin yanzu, in suna samun gyara daga tasha, kuskurensu bai wuce santimita biyu ko uku ba. Amma hoton da layukan da ke ƙarƙashin ɗigon mutum ne ya shirya su a ofis kafin a fito. In ya yi daidai, aikin kwana uku ya koma na yini guda. In ya kauce, na'urar miliyoyin naira za ta kai safiyo cikin filin maƙwabci, allon kuma yana nuna masa cewa yana kan daidai.

Shirya wannan taswirar shimfiɗa ba siddabaru ba ne. Hoton sama, ko tsohon zanen fili da aka ɗauka da sikana, bai san inda yake a duniya ba sai an gaya masa. Mai aikin zai nemi wurare a cikin hoton da ya riga ya san lambobinsu a ƙasa: turken gwamnati, kusurwar kwalbati, mahaɗar titi biyu. Ya danna wurin a hoto, ya shigar da lambar gabas da ta arewa, ya wuce na gaba. Da wuri uku manhaja za ta ja hoton, ta juya shi, ta miƙe shi har ya zauna. To amma da ukun nan kaɗai za ta nuna masa cewa babu kuskure ko kaɗan, ko da ɗaya cikinsu ba daidai ba ne, don ba ta da na huɗun da za ta gwada su da shi. Shi ya sa gwani kan sa takwas ko goma, ya baza su kusurwoyi da tsakiya, ya kuma ware wasu da bai sa a lissafin ba domin ya jarraba sakamakon da su. Daga nan a yayyanka hoton, saboda na'urar hannu ba ta da ƙarfin kwamfutar ofis, babban fayil kan sa ta tsaya cak ana tsakiyar aiki. A fitar da shi a tsarin GeoTIFF, ko kuma JPG tare da wani ɗan fayil mai layi shida da ke faɗin girman kowane ƙwayar hoto da lambobin kusurwar sama ta hagu. Layukan fuloti su tafi a DXF. Da manhajar QGIS, wadda kyauta ce, ɗalibin foliteknik zai gama wannan a zama ɗaya.

Ɗan fayil ɗin nan mai layi shida lambobi ne zalla a cikinsa. Ba ya faɗin tushen awon da aka yi lambobin a kai. A wata ƙasar wannan ƙaramin abu ne. A Najeriya shi ne mafarin rigima.

Tushen awo biyu muke aiki da su a lokaci guda. Akwai na Minna, wanda Turawan mulkin mallaka suka kafa a kan turke mai lamba L40 a yankin Minna, bisa lissafin siffar duniya na Clarke na 1880. Tsofaffin zanen filaye da ke jibge a ma'aikatun ƙasa da safiyo, da taswirorin 1:50,000 da aka zana daga hotunan jirgin sama tun wajejen shekarun 1960, a kansa suke. Akwai kuma WGS 84, wanda GPS ke aiki da shi, kuma shi hotunan intanet ke bi. Abin ya yi kama da awon hatsi da mudun kasuwa biyu: buhun bai canza ba, amma adadin da za a faɗa maka ya danganta da mudun da aka ɗauka. A yankin Kano, in lambobin tsarin taswira na UTM ake magana, wuri ɗaya yana da lambobi biyu da suka bambanta da kusan mita 80 gabas da yamma, da kusan mita 120 kudu da arewa. A miƙe wajen mita 140 ke nan. Fulotin ƙafa 50 a 100 kuwa faɗinsa mita 15 ne, tsawonsa 30. Wanda ya ɗauki zanen Minna ya ɗora wa na'urar da aka saita a kan WGS 84, ya tsallakar da fulotin mutum bayan layi, cikin filayen wasu.

A kan wannan kuma ga rabon ƙasar. Tsohon tsari ya kasa Najeriya ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas. Tsarin UTM ya kasa ta shiyya uku daban: Sakkwato da Birnin Kebbi suna 31, Kano da Kaduna suna 32, Maiduguri da Yola suna 33, layin da ya raba 32 da 33 kuma ya ratsa jihar Yobe dab da Damaturu. Wasu garuruwan ma tsofaffin zanensu a kan awon garin kaɗai aka yi su. Kuskuren shiyya bai cika tayar mana da hankali ba, don yana jefa hoton ɗaruruwan kilomita, kowa zai gane. Wanda muke tsoro shi ne ƙarami. Ko safiyo ya zaɓi Minna a cikin na'urarsa, lambobin juya awo daga Minna zuwa WGS 84 ba iri ɗaya ba ne. Akwai saiti da dama da aka wallafa, kuma sukan saɓa wa juna da 'yan mitoci, domin tsohon awon ƙasar da kansa yana da karkata daga yanki zuwa yanki. Mita uku a fegin da babu gini ba wanda zai lura da ita ran da aka kafa turke. Sai bayan shekara biyar, maƙwabci ya zo haƙa fandisho, a tarar katangar wani ta cinye masa ɗaki guda.

Masu goyon bayan sabon salon suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba za mu rage mata komai ba. Tun bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka ta zama abin da mai kuɗi da mai hanya ke samu. Kwamitin gyaran harkar filaye da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya sha nanata cewa filayen da ke da rajista a ƙasar nan ba su wuce kashi uku cikin ɗari ba. In aka ce kowace gona da kowane gida sai an yi masa awon santimita irin na da, jikokinmu ma ba za su ga ƙarshen aikin ba. Ruwanda ta bi ta wata hanya. Tsakanin 2009 da 2013 ta shata filaye sama da miliyan 10 da hotunan sama da aka daidaita da ƙasa: ma'aikaci ya zo da hoton, masu fili da maƙwabta su zagaya iyaka tare da shi, ya ja layi a gabansu. An gwada makamancin haka a Kano da Ondo ƙarƙashin shirin yi wa filaye rajista unguwa-unguwa. A 2014 Ƙungiyar Safiyoyi ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar da takardar haɗin gwiwa mai kira da a riƙa yin awo daidai da buƙata, kada tsadar awo ta hana talaka takarda.

Akwai wata fa'idar da ta fi sauri muhimmanci a ganinmu. Dattijon da bai yi boko ba ba zai fahimci jerin lambobi a takarda ba, amma in ya ga hoto zai nuna maka kukar da ke kan iyakar gonarsa, da layin gamba ko shingen bini-da-zugu da ya raba shi da ɗan'uwansa. Hoton ya sa shi cikin maganar filinsa. Haka kuma safiyon da ke ganin fulotan da aka riga aka bayar a kan allonsa zai gane tun a fili cewa wurin da aka kai shi yana da mai shi, ko kuwa burtali ne, ko gefen maƙabarta, ko filin makarantar firamare da ake so a yanka. A unguwannin awon igiya, inda dillali da mai gona ne suka yanka filaye ba tare da tsarin gwamnati ba, sau da yawa hoton sama shi ne kaɗai shaidar yadda wurin yake kafin a cika shi da gini.

Tsofaffin ma'aikata kuwa suna cewa hoto ba iyaka ba ne, kuma su ma gaskiya suka faɗa. Abin da kyamara ke gani daga sama rufi ne. A cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina, inda kwanon wannan gida ya hau na wancan, lungu kuma bai wuce faɗin kura ba, ba a ganin gindin katanga, kuma dogon gini yakan bayyana a hoto kamar ya kwanta gefe. Shingen da ake gani da rani yakan ɓace cikin shuka da damina. Hoton da aka ɗauka shekara huɗu da suka wuce bai san titin da aka fasa bara ba.

Ƙorafinsu ya fi ƙarfi a kan inda matasa ke samo hoton. Da yawa daga Google suke kwafowa, alhali waɗannan hotunan an yi su ne domin neman hanya, kuma sukan kauce da mitoci. Wani lokacin hoton bana da na bara na wuri ɗaya ba sa hawa kan juna. Taswirar Google Maps kuma tana kan wani tsarin shimfiɗa da ke ƙara tsawo: a daidai Kano, mita 100 a ƙasa takan fito sama da 102 in aka auna ta kai tsaye a kan lambobin tsarin. Tsohon zane ma yana da nasa. Takardar da ta shekara 40 a kabad ta sha zafi da laima, ta motse a wani gefe ta miƙe a wani. A zanen 1:2,500, layin alƙalami mai kaurin rabin milimita ya cinye mita ɗaya da kwata a ƙasa. A taswirar 1:50,000 milimita ɗaya mita 50 ce. Allon na'ura kuwa zai bar ka ka ƙara girman hoton yadda ka so, layin ya fito siriri tsaf kamar an auna shi jiya.

Sai kuma maganar da ba a cika yi a fili ba. Wanda ya iya daidaita hoto ya iya karkatar da shi. Ja hoton mita huɗu zuwa gabas aikin minti ɗaya ne, kuma babu wanda ke tsaye a filin da zai gane, domin ɗigon zai hau kusurwar da aka nuna masa. Turken siminti sai an zo da dare an tono shi kafin a matsar da shi, maƙwabta na iya gani. Fayil kuwa a ɗaki ake gyara shi. Ga kuma masu yawo da wayar hannu suna kiran kansu safiyo, alhali GPS ɗin waya ko a sarari kuskurensa wajen mita biyar ne, kuma doka tun 1989 ta ce wanda hukumar rajistar safiyoyi ta SURCON ta yi wa rajista shi kaɗai ke da ikon sa hannu a zanen fili.

Da muka auna maganganun biyu, mun ga cewa gardamar a sa hoto ko kada a sa ta riga ta wuce. Na'urorin Trimble da Leica da Topcon, da na Sin masu sauƙin kuɗi irin South da Hi-Target da CHCNAV, duk suna karɓar taswirar shimfiɗa, kuma babu safiyon da ya ɗanɗana sauƙinta da zai koma baya. Ainihin ciwon shi ne kowane ofis yana haɗa tasa. Safiyo biyu masu rajista, masu gaskiya, za su iya zuwa fegi ɗaya da hotuna biyu da saitin awo biyu, kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, turakunsu su saɓa. Alƙalin da shari'ar ta zo gabansa ba shi da abin da zai raba su da shi.

Kuma ba rashin kayan aiki ne ya jawo haka ba. Abuja ta kafa hukumar bayanan filaye ta AGIS tun 2003. Nasarawa tana da NAGIS, Kaduna tana da KADGIS, Kano tana da KANGIS, jihohi da dama sun bi sahu. Waɗannan hukumomi sun kashe kuɗin jama'a wajen tara hotunan sama da mayar da zanen filaye cikin kwamfuta. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin dindindin na NIGNET, masu aika wa na'urorin safiyo gyara, a 2008, akwai su a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Birnin Kebbi, da Toro, da Yola, da Abuja da sauransu, ya kuma fito da sabon tushen awo na ƙasa, NGD2012, wanda ya dace da na taurarin ɗan Adam. Abin da ya rage shi ne wannan dukiya ta fito daga ofis ta isa hannun mai aiki a fili, tashoshin kuma su riƙa aiki ba yankewa, don tashar da babu wuta ko intanet ba ta amfanar kowa.

Hukumomi sukan kawo dalili biyu na riƙe bayanan: tsaro da kuɗin shiga. Na tsaron muna ɗaukarsa da muhimmanci, musamman a halin da Arewa ke ciki, kuma daidai ne a ce jirgi mara matuƙi ba ya tashi ɗaukar hoto sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Amma safiyo ba ya buƙatar sunan mai fili ko hoton barikin soja. Yana buƙatar hoton unguwar da zai yi aiki, da layukan fuloti da lambobinsu, da jerin turakun gwamnati da ke kusa. Ana iya ba shi wannan da lambar rajistarsa, a kuma san wanda ya karɓi me. Dalilin kuɗin shiga kuwa bai gamsar da mu ba. Abin da jiha za ta samu daga sayar da hoto da tsada bai kai abin da take asara ba idan fili ɗaya ya fito da takarda biyu, masu zuba jari suka guje ta, kotuna suka cika da shari'ar iyaka.

Matsayinmu shi ne a yi amfani da taswirar shimfiɗa, amma ta zama ta hukuma, guda ɗaya ga kowace jiha, daga ofishin Babban Safiyon jihar, a kan kuɗi kaɗan ko kyauta ga duk mai rajista. Kowane fayil ya fito da takardar bayaninsa: tushen awo da shiyya, ranar da aka ɗauki hoton, turakun da aka ɗaure shi da su, da girman kuskuren da aka samu wajen gwaji. Jiha ta tsayar da saitin juya awo ɗaya tsakanin Minna da sabon tsari, ta buga shi a gazet, kowa ya bi. Jihohin da ke sabunta takardun mallaka, kamar yadda Kano ta fara a ƙarshen 2024, su ne suka fi dacewa su fara, domin in aka kwashe tsofaffin zane aka zuba a kwamfuta ba tare da an gwada su da turakun ƙasa ba, kuskuren da ke cikin takarda zai koma cikin sabuwar takarda mai hatimin gwamna.

Wurin da muke tare da tsofaffin ma'aikata ɗari bisa ɗari shi ne matsayin hoton a gaban shari'a. A gonakin karkara da unguwannin awon igiya, layin da aka ja a kan hoton hukuma a gaban maƙwabta da dagaci ya isa a ba mutum takardar farko, kuma hakan ya fi barinsa hannu wofi. Amma a fulotin birni, inda mita ɗaya ke da tsada, kada a kafa turke daga hoto. A kafa shi daga lambobin da aka auna, bayan safiyo ya fara ɗora sandarsa a kan turken gwamnati da aka sani, ya tabbatar na'urar ta ba da lambobin da ke rubuce, ya kuma maimaita hakan kafin ya tashi aiki. SURCON da Ƙungiyar Safiyoyin Najeriya su mayar da wannan gwaji sharaɗin karɓar zane. Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo da sassan safiyo na jami'o'i da foliteknik su riƙa jarraba ɗalibi a kan haɗa taswirar shimfiɗa kamar yadda suke jarraba shi a kan riƙe na'ura, su ba shi fayil mai ɓoyayyen kuskure su ga ko zai gano.

Kai kuma mai sayen fili, kana da haƙƙin tambaya ko da ba ka san lissafin ba. Ka nemi lambar rajistar safiyon. Ka tabbatar maƙwabtan filin ko wakilansu suna wurin ranar awo. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka ga an rubuta a jikin zanen tushen awon da aka yi amfani da shi da lambar turken gwamnatin da aka ɗaure aikin da shi, da sa hannu da hatimin safiyo mai rajista.